RANA BA TA ƘARYA: Abin da ya haɗa ɗan kasuwar Babankatami da kumbunan da ke gadin rana

Idan ana maganar sanin rana, da wuya a samu wanda zai tsere wa mutanen Adar. Manomin Babankatami, a gundumar Buza, ya san zafinta na watan Afrilu da Mayu, lokacin da dutse ke ƙona tafin ƙafa. Mai albasa a fadamun Madawa ya san yawan kwanakin da za ta shanya masa amfani kafin ya zuba a rudu. Makiyayin tsaunukan Keita kuwa ya san sa'ar da ya kamata ya kora bisashe inuwa. Saboda haka, in aka gaya wa waɗannan bayin Allah cewa wasu ƙasashe sun kashe maƙudan kuɗi domin aika kumbo ya je ya leƙa rana, tambayar da za a ji daga bakinsu ita ce: me ya ɓata a cikinta da ake nema? Tambaya ce mai ma'ana, kuma ta cancanci amsa, tun da yake kumbo guda ɗaya tak mai suna Parker ya ci wajen dalar Amurka miliyar ɗaya da rabi.

Amsar ita ce, rana tana da wani hali na biyu wanda fata ba ta jinsa, ido ba ya ganinsa, amma na'urori suna jinsa ƙwarai. Cinikin ƙasar nan da aikin hukumominta kuwa, a ƴan shekarun nan, sun koma sun rataya a wuyan na'urori: rediyo, salula, tauraron ɗan'adam da wayar lantarki. Wanda ya ɗora kayansa a kan raƙumi, dole ya nemi sanin halin raƙumin.

HALIN RANA NA ƁOYE

Rana dunƙulen iska ce mai ci da wuta, kuma nisanta da duniya ya kai kimanin kilomita miliyan 150, tazarar da haskenta ke ratsawa cikin minti 8 da ɗan ɗoriya. Zafin fuskarta ya kai awo 5,500, amma abin mamaki, farin hasken da ya kewaye ta, wanda masana ke kira rawanin rana, zafinsa ya haura awo miliyan ɗaya. Ba a ganin wannan rawani sai an yi cikakken husufi. Waɗanda suka shaida husufin ranar 29 ga watan Maris na 2006, lokacin da inuwar wata ta bi ta yankin Katsina da Maradi, gari ya yi duhu da hantsi, sun gan shi da idonsu.

A fuskar rana akan samu wasu baƙaƙen tabbai, wasu cikinsu sun fi duniya girma, waɗanda ke fitowa a inda ƙarfin maganaɗisu ya cukuikuye. A 1843 wani Bajamushe mai suna Heinrich Schwabe, wanda asalin sana'arsa haɗa magunguna ne, ya bayyana, bayan shekaru 17 yana duban rana, cewa waɗannan tabbai suna ƙaruwa su ragu bisa wani zagaye. Daga baya aka daidaita lissafin a kan kimanin shekaru 11. Zagayen da masana ke kira na 25 ya soma a Disamban 2019, kuma a Oktoban 2024 hukumomin Amurka suka ba da sanarwar cewa ya kai ganiyarsa.

Lokacin da tabbai suka yawaita, a nan ne rana ta fi yin fushi, kuma fushin nata kala uku ne. Na farko walƙiya ce mai tsanani, wadda ke isowa duniya tare da hasken rana cikin minti 8, ba sallama ba gargaɗi. Na biyu wasu ƙananan ƙwayoyi ne masu gudun tsiya, da ke isowa cikin mintoci ko sa'o'i, suna ratsa jikin kumbuna da na ƴan sama-jannati. Na uku, wanda aka fi jin tsoro, shi ne aman rana: dunƙulen iska mai ɗauke da lantarki, nauyinsa miliyoyin miliyoyin kilo, da ke ɓallewa daga rawanin ya nufo sarari. Yakan yi kwana ɗaya zuwa uku a hanya, kuma in ya daki garkuwar maganaɗisun da Allah ya kewaye duniya da ita, sai ta girgiza. Wannan girgiza ita ake kira guguwar rana.

ABIN DA TARIHI YA NUNA

A ranar 1 ga Satumban 1859, wani Bature ɗan Ingila mai suna Richard Carrington yana zana tabban rana sai ya ga wani farin haske ya tashi a tsakaninsu. Kafin a cika kwana guda, wayoyin tangaraho na Turai da Amurka sun rikice, tartsatsi na tashi daga na'urori, wasu ma'aikata suka ji lantarki ya fizge su, kuma aka ga jan haske ya rufe sama da dare har a tsibirin Kuba. A wancan zamani tangaraho ne kaɗai abin da guguwa za ta samu ta lalata.

Shekaru 130 bayan haka, ranar 13 ga Maris na 1989, wata guguwar ta kashe wutar lantarkin lardin Kebek na ƙasar Kanada cikin minti ɗaya da rabi, mutum miliyan 6 suka zauna babu wuta wajen sa'o'i 9 cikin tsananin sanyi. Dalili shi ne, idan garkuwar duniya ta girgiza, wani lantarki baƙo yakan shiga dogayen wayoyi ya dafa manyan taransifomomi. An daɗe ana zaton wannan masifar ƙasashen ƙanƙara ce kaɗai, sai guguwar ƙarshen Oktoban 2003 ta zo, aka wayi gari manyan taransifomomi sun lalace a Afirka ta Kudu.

A can sama ma haka abin yake. Idan rana ta yi fushi, iskar da ke can ƙololuwar sararin duniya takan yi zafi ta kumbura, ta riƙa jan kumbuna baya har su rasa gudu su faɗo. Wannan ne ya gaggauta faɗuwar tashar sama ta Amurka mai suna Skylab a watan Yulin 1979, wadda ɓaraguzanta suka zuba a yammacin Ostareliya. A Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin Starlink 49, wata ƴar matsakaiciyar guguwa ta tarbe su, 38 suka dawo suka ƙone. Sai kuma daren 10 zuwa 11 ga Mayun 2024, da aka yi guguwar da ba a ga irinta ba tun 2003: manoman Amurka da yawa, waɗanda taraktocinsu ke bin layi da taimakon GPS, dole suka dakatar da shuka a tsakiyar lokacinta.

MASU GADIN RANA

Waɗannan asarori ne suka sa manyan ƙasashe suka ga ya wajaba a sa wa rana ƴan gadi. Ranar 2 ga Disamban 1995, hukumar sararin samaniya ta Turai da takwararta ta Amurka, NASA, suka harba kumbon SOHO, suka girke shi a nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi daga duniya, a wani wuri da ba dare, inda yake fuskantar rana ba ƙiftawa. Dabararsa ita ce wani ɗan faifai da ke rufe fuskar rana, ya ƙirƙiro husufi na dindindin, ta yadda za a ga aman rana tun yana fitowa. A watan Yunin 1998 kumbon ya ɓace wa masu shi, aka yi watanni ana fama kafin a farfaɗo da shi. A wannan wuri ne kuma aka ajiye wasu kumbuna, kamar ACE da aka harba a 1997, waɗanda iskar guguwa ke fara bugawa, su aiko da labarin ƙarfinta tun da sauran minti 15 zuwa sa'a guda ta iso. Lokacin kaɗan ne, amma yana isar mai kula da tashar lantarki ya rage kaya, mai kula da tauraro ya kashe na'urori masu rauni.

A ranar 23 ga Yulin 2012 wani kumbo mai suna STEREO-A ya ci karo da wani aman rana wanda masana suka kwatanta ƙarfinsa da na 1859. Allah ya taƙaita, duniya ba ta kan hanyarsa a ranar. Ba don wannan kumbo ba, da ba wanda zai san girman abin da ya wuce ta gefe.

Kumbon Parker, wanda aka harba ranar 12 ga Agustan 2018, shi ne ya fi kowa kutsawa. An raɗa masa sunan Eugene Parker, masanin da ya faɗa tun 1958 cewa akwai wata iska da ke kwararowa daga rana dare da rana, aka yi ta musa masa har kumbuna suka gaskata shi. A 2021 kumbon ya shiga cikin rawanin rana, abin da wani ƙerarren abu bai taɓa yi ba. Ranar 24 ga Disamban 2024 ya matsa har saura kilomita miliyan 6 da ƴan kai ya taɓa fuskarta, yana gudun kusan kilomita 690,000 cikin sa'a, yana laɓe bayan wata garkuwa da kaurinta bai wuce santimita 12 ba. Turawa kuma sun harba Solar Orbiter a Fabrairun 2020, wanda a 2025 ya aiko da hotunan farko na ƙuryar kudancin rana. Ƙasar Indiya ma ta shiga sahu da kumbonta Aditya-L1 a Satumban 2023.

Binciken bai tsaya ga wannan duniya ba. Duniyar Mars ba ta da garkuwar maganaɗisu irin ta nan. Kumbon MAVEN, da ya isa can a 2014, ya nuna yadda iskar rana ke ɗibar iskar Mars kaɗan-kaɗan, kuma ɗibar tana tsananta a lokacin guguwa. Masana suna ganin haka ne ya taimaka wajen mai da wurin da ruwa ya taɓa gudana ya koma busasshiyar hamada mai sanyi. Mutumin Adar, wanda ya ga abin da iska ke yi wa tudun da aka sare wa itatuwa, ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan.

INA RUWAN ADAR?

Na farko, rediyo. Tun 1957 da BBC ta buɗe sashen Hausa, gajeren zango ya zama idon ɗan kasuwa da na ma'aikacin da aka tura ƙauye. Muryar da ke tasowa daga wata uwa duniya tana isowa ne saboda akwai wani rufi mai ɗauke da lantarki a can sama, wanda ke maido da ita ƙasa kamar yadda madubi ke maido da haske. Idan walƙiyar rana ta faɗo, ƙasan wannan rufi yakan yi kauri ya shanye muryar, sai tashoshi su yi tsit da rana tsaka, na mintoci ko na sa'o'i. Sau da yawa an zargi batir ko mai gyara a kan laifin da ba nasu ba. Tashoshin FM ba su shiga wannan ba, domin muryarsu ba ta bi ta wannan rufi. Amma jiragen sama masu ratsa Sahara, har da na alhazai, suna amfani da gajeren zango wajen magana da masu kula da zirga-zirga a inda sauran hanyoyi ba su kai ba.

Na biyu, salula da tauraro. Tun da wayar hannu ta shigo Nijar a 2001, ta canza fuskar kasuwa. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta bi diddigin kasuwannin hatsin ƙasar nan tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Yau mai albasar Galmi ba ya loda kamyo sai ya ji farashin Abijan ko Akara, kuma ɗan bida da ke bakin teku da waya yake aiko wa iyalinsa kuɗin cefane. Ita salula kanta guguwar rana ba ta taɓa ta. Amma turakun rezo da yawa suna daidaita agogonsu da taurarin GPS, suna kuma buƙatar wutar lantarki, ga shi tun 2025 intanet ta Starlink ta shigo ƙasar. Igiyar da ta ɗaure kasuwar ƙauye da kasuwannin duniya, wani sashenta a sama yake.

Na uku, awon fili. Nan ne ya kamata ma'aikata su buɗe kunne. Kudancin Nijar yana kusa da layin da ya raba maganaɗisun duniya biyu, kuma a wannan yanki rufin saman nan yana da wata ɗabi'a: bayan faɗuwar rana yakan yi ramuka kamar kumfa, waɗanda ke wargaza saƙon GPS. Abin yakan faru ko babu guguwa, amma ya fi tsanani a shekarun da tabban rana suka yawaita. Kuskuren ƴan mitoci ba ya damun direban da ke neman hanyar Tawa. Amma ga mai awon gonaki, ko mai shata burtali tsakanin manoma da makiyaya, ko mai rubuta wurin da za a gina rijiya, ƴan mitoci suna iya zama shari'ar shekaru. Hikima ita ce a yi awon da safe, a maimaita shi wata rana, kada kuma a yi shi ranar da aka ba da sanarwar guguwa.

Na huɗu, hasashen damina. Cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 tana dogara da hotunan taurarin ɗan'adam wajen bin sawun ruwan sama, ciyawa da wuraren da fari ke ƙyanƙyasa. Tauraron da ya makance a tsakiyar watan Agusta, asararsa za ta kai har rumbun talaka.

ABIN DA BA LAIFINTA BA

Adalci ya wajaba ko ga rana. Farin 1973 da na 1984 ba tabban rana ne suka kawo su ba. Bambancin hasken rana tsakanin shekarun fushinta da na sanyinta bai wuce kashi ɗaya cikin dubu ba, kuma masana sun nuna cewa ƙarin zafin da duniya ke fama da shi a wannan zamani ya samo asali ne daga hayaƙin da ɗan'adam ke fitarwa. Guguwar rana ba ta ƙona fatar mutum, ba ta kashe shuka, ba ta kuma fasa farantan sola da ke kan rufin gidaje da asibitoci. Haka nan, in hoton talabijin na kwano ya ɗauke na ƴan mintoci a watan Maris ko wajen ƙarshen Satumba, rana ce kawai ta ratsa ta bayan tauraron, kuma yanzu-yanzu hoto zai dawo.

Wannan bayani yana da muhimmanci saboda jita-jita. Lokaci-lokaci saƙonni sukan zagaya WhatsApp cewa a kashe waya da dare domin wani haske zai sauko, ko kuma duniya za ta yi kwanaki cikin duhu. Babu gaskiya a cikinsu. Amma inda sahihin labari bai kai ba, ƙarya ce ke shimfiɗa tabarma, kuma ranar da gargaɗin gaskiya zai zo, mutanen da aka saba ruɗawa ba za su saurara ba.

ABIN DA YA RAGE

Labarin da kumbunan nan ke aikowa kyauta ne, duk mai intanet yana iya duba shi. Matsalar ita ce da Turancin Ingilishi yake fitowa, kuma a manyan birane yake tsayawa. Afirka ta Kudu ta riga ta ɗauki mataki: a Nuwamban 2022 ta buɗe cibiyar lura da yanayin sararin samaniya a garin Hermanus, mai aiki dare da rana. Afirka ta Yamma ma ba baƙuwa ba ce a fagen, domin tsakanin 1992 da 1994 an kafa jerin tashoshin awon maganaɗisu daga San Pedro a Kodibuwa har zuwa Tumbutu a Mali.

Nijar kuwa tana da gadon da ya kamata ta riƙe. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni Dioffo, haifaffen Tasawa, wanda ya shugabanci hukumar makamashin rana ta ONERSOL tun 1969, ya kuma rasu a 1991, ya shafe rayuwarsa yana nuna cewa rana dukiya ce da ya kamata ƴan ƙasa su yi nazarinta da kansu. Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi tun 1992, kuma tashar lantarkin rana ta Malbaza, mai ƙarfin megawat 7, da aka buɗe a 2018 a nan jihar Tawa, ɗaya ce daga cikin ƴaƴan wannan tunani. Ba wanda ke cewa Nijar ta harba kumbo. Na'urar awon maganaɗisu da ta bin diddigin saƙon GPS ba su kai kuɗin ƙaton gini ɗaya ba, kuma ɗalibai ƙalilan da aka horar sun isa su karanta sanarwar manyan cibiyoyi, su juya ta zuwa Hausa da sauran harsunan ƙasa, su miƙa wa ma'aikatar hasashen yanayi da gidajen rediyon karkara, kamar yadda ake yi da labarin ruwan sama.

Ɗan kasuwa ma yana da nasa rabon aikin: ya riƙe littafin bashinsa a takarda ko da yana da shi a waya, ya ajiye ɗan kuɗin hannu ranar kasuwa, kada ya jingina dukan cinikinsa a kan rezo. Zagayen da ake ciki zai lafa, wani kuma zai taso bayan ƴan shekaru, ya tarar da ƙauyuka sun fi yau dogaro da abin da ke sama. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyaye, ya sa a ankara tun da sauran lokaci.